Jadawalin yini a gidan talabijin na NTA

Jadawalin yini shi ne jerin shirye-shiryen da gidan talabijin ke nunawa daga buɗe tasha zuwa rufe ta, kowane shiri da lokacinsa. A gidajen talabijin na gwamnati jadawalin kan ɗauki nauyi uku: ilimantarwa, sanar da jama'a halin da ake ciki, da nishaɗantarwa. A Nijeriya misalin da aka fi sani shi ne na Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, musamman daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990, lokacin da mafi yawan gidaje ba su da tashar da za su murɗa in ba ita ba.

Asali

Talabijin ya fara a Nijeriya ran 31 ga Oktoba 1959, sa'ad da gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan. Babbar hujjar da aka kafa wajen kashe kuɗin ita ce karatu, har aka riƙa watsa darussa domin makarantu. Inugu ta bi baya a 1960, Kaduna da Legas kuma a 1962. Tashar Jos ce ta fara nuna hoto mai kala a tsakiyar shekarun 1970. A Nijar ma ta ƙofar aji talabijin ya shigo: a 1964 aka fara koyar da wasu 'yan firamare na kewayen Yamai ta akwatin talabijin da tallafin Faransa, shekaru da dama kafin a sami tashar kowa da kowa.

Doka ta 24 ta shekarar 1977 ce ta haɗe tasoshin jihohi a ƙarƙashin NTA. Daga nan yini ya kasu biyu. Akwai sa'o'in da kowace tasha ke nuna nata, da harshen mutanen wurin, akwai kuma sa'o'in da duk tasoshi ke jonuwa da Legas, daga baya Abuja, su nuna abu guda a lokaci guda.

Daga la'asar zuwa magariba

A wancan zamani ba a kwana ana watsa shiri. A ranakun aiki da misalin ƙarfe 4 na yamma ake buɗe tasha. Kafin nan sai dogayen layuka masu launi a fuskar akwatin, da wata ƙara siririya, yara kuwa sun riga sun baje a tabarma suna jira. Sai taken ƙasa, sai mai gabatarwa ya fito ya karanto abin da za a gani har dare. Wanda babu akwati a gidansu yakan tafi maƙwabta, in ɗaki ya cika a leƙa ta taga.

Sa'o'in farko na yara ne, domin sun taso daga makaranta, manya kuma ba su dawo daga kasuwa ko ofis ba. A nan ake saka Sesame Street na Amurka mai koyar da baƙaƙe da ƙidaya, da zane-zane masu motsi irin su Voltron, da kacici-kacici da muhawara tsakanin makarantun sakandare. Shirin gida da ya fi suna shi ne Tales by Moonlight, wanda ya fara a 1984: da yammacin Lahadi wata mata ta zauna yara sun kewaye ta, ta ba su tatsuniya, 'yan wasa su kwaikwaya, a ƙarshe ta tambayi yaran abin da suka koya. Tsarin gatanan gatananku ne aka ɗauko daga tsakar gida aka kai ɗakin ɗaukar hoto. A 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, wanda aka shirya a Nijeriya, da 'yartsana Kami da abokinta Zobi mai son doya.

Lokacin tashar gida

Tsakanin magariba da ƙarfe 8 ko 9 tasoshin jihohi ke cin gashin kansu. Labaran jiha da Turanci, sannan da Hausa, ko Barbarci a Maiduguri, ko Fulatanci a Yola. Shirin manoma, shirin mata, shirin lafiya, sanarwar gwamnati. Ranar Juma'a akwai wa'azi, Lahadi shirin coci, da azumi kuma tafsiri ya ture wasu shirye-shiryen gefe har a ga wata.

A wannan tsakanin ne wasan kwaikwayon Hausa na talabijin ya yi tashe, tun kafin finafinan bidiyo na Kano. Kaduna ta fito da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mayar da rayuwar bariki abin dariya, da Hausarsa ta soja mai gauraye da Turanci da faɗa da kurata. Daga Kaduna kuma Kasimu Yero ya yi suna. Jos ta ba da Karkuzu. Ana kiran waɗannan nishaɗi, amma da wuya a kammala wasa ba a cusa wani saƙo ba, na tsabta ko riga-kafi ko sa yara makaranta, kuma sau da yawa saƙon ya fi shiga ta bakin Samanja fiye da ta bakin jami'in ma'aikata. Tashar Kano ta kuma shahara da nuna finafinan Indiya, abin da masu nazari ke dangantawa da waƙa da rawar da suka cika finafinan Hausa daga baya.

Ƙarfe tara

Labaran ƙasa na ƙarfe 9 na dare su ne ginshiƙin jadawalin. Da an ji kiɗan buɗe su yara sun san an sallame su, maigida ya gyara zama. Labaran kan fara da shugaban ƙasa, su gangaro kan ministoci da gwamnoni, wasanni su zo a ƙarshe. Nan ne aka fi sukar NTA, cewa bakin gwamnati mai ci ce, kuma sukar ba ta rasa tushe: mai adawa bai cika samun fili ba, a mulkin soja ko na farar hula. Daren Lahadi Newsline ke maye gurbin, da labaran rayuwar talakawa da abubuwan al'ajabi.

Kafin labaran ko bayansu ake nuna wasannin da ƙasa duka ke kallo. The Village Headmaster ya fara tun 1968, ya yi kusan shekara 20. Cock Crow at Dawn, wanda aka ɗauka a yankin Jos daga 1980 da tallafin bankin UBA, labarin iyali ne da suka bar birni suka koma gona. An shirya shi ne don jawo hankali ga noman zamani. Bayan waɗannan sai fim na dare, sai addu'a da taken ƙasa wajen ƙarfe 12, in dai wutar lantarki ba ta riga ta rufe wa mai kallo tashar ba.

Wasanni

Asabar da Lahadi akan buɗe da wuri, kuma rana ta wasanni ce: ƙwallon ƙafa, dambe, kokawar Amurka, da Telematch na Jamus inda garuruwa ke gasa cikin sutura ta ban dariya. Babban wasa kuwa yakan rushe jadawalin gaba ɗaya. Haka aka yi ran 22 ga Maris 1980, da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a filin wasa na Surulere da ke Legas ta ɗauki Kofin Afirka karon farko. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 bambancin lokaci ya sa mutane suka raba dare suna kallon Nijeriya ta farke daga 3 da 1 ta doke Brazil 4 da 3, kafin ta ci Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe.

Bayan zuwan 'yan kasuwa

Kuɗin NTA daga baitulmali da tallace-tallace suke fitowa, ba daga harajin akwati irin na BBC ba. Da aka matsa mata ta nemi kuɗin shiga a ƙarshen shekarun 1980, sa'o'in da suka fi tsada suka koma hannun masu ɗaukar nauyi, shirin ilimi wanda ba mai saye ya ja baya. Doka ta 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, tashar AIT mai zaman kanta ta fara a 1996, tauraron ɗan Adam ya kwashe gasar ƙwallon Ingila ya kai gidajen kallo. NTA ta ƙara shirin safe, ta koma watsawa dare da rana. Bayan haɗin gwiwarta da kamfanin StarTimes na Sin a 2010, ta ware tasoshi na musamman: ta labarai, ta wasanni, ta ilimi, ta nishaɗi, ta majalisa, da na Hausa, Yarbanci da Ibo. Abin da a da ake jerawa cikin sa'o'i takwas a tasha guda yanzu kowanne da lambarsa a rimot, amma labaran ƙarfe 9 suna nan a lokacinsu.