Yawon Shaƙatawa a Jirgin Ruwa

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa shi ne shiga kwale-kwale ko wani ƙaramin jirgi a kogi, ko tafki, ko teku, domin jin daɗin zama a kan ruwa kawai, ba tare da nufin fito, ko fatauci, ko neman abinci ba. Jiragen da ake yin sa da su iri-iri ne. Akwai na tuƙi da filafili, akwai masu tafiya da iska ta hanyar babban ƙyalle da ake ɗaurawa a jikin dogon jigo, akwai masu inji, har da waɗanda aka yi musu ɗakin kwana da madafa a ciki. A Amurka kaɗai, jiragen shaƙatawa masu rajista sun kusa miliyan 12, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu ƙanana ne da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, irin waɗanda mai su yake ja da motarsa zuwa bakin ruwa ranar hutu.

Abin lura game da wannan sha'awa shi ne, yawancin abin da mai shaƙatawa yake zuwa nema a ruwa, shi ne abin da mai sana'ar ruwa yake ɗauka wahala: jinkirin tafiya, da jiran iska, da jan igiya, da nisa da gida. Mai fito yana so ya ƙetare da sauri ya dawo ya ɗauki wasu, shi kuwa mai shaƙatawa sau da yawa ba shi da wurin zuwa, da yamma yakan dawo daidai gaɓar da ya bari da safe, ya kuma ce yininsa ya yi kyau.

Asali

A ƙasar Holan ne al'adar ta fara tsayawa da ƙafarta a ƙarni na 17. Mutanen ƙasar suna da wasu jirage marasa nauyi masu gudu da suke kira "jacht", wato farauta, saboda da su ake bin 'yan fashin ruwa, sai attajiran Amsterdam suka mayar da su abin fita shan iska. Sarki Charles na Biyu na Ingila, wanda ya yi wani ɓangare na gudun hijirarsa a Holan, ya sami kyautar irin wannan jirgi mai suna Mary lokacin da ya koma kan gadon sarauta a 1660. A shekarar da ta biyo baya ya yi tsere da ƙaninsa James a kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend da dawowa. A 1720 aka kafa ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa a Cork da ke Ireland, wadda ake ɗauka ita ce mafi daɗewa a duniya.

Har tsawon shekaru kusan 200 abin bai fita daga hannun masu sarauta da masu dukiya ba. Abubuwa ƙanana ne suka sauko da shi. A 1865 wani lauya mai suna John MacGregor ya zaga koguna da tafkunan Turai shi kaɗai a cikin ɗan kwale-kwale mai ɗaukar mutum guda, labarin tafiyarsa kuma ya sa dubban mutane suka gane cewa ba sai da babban jirgi da ma'aikata ake more ruwa ba. A 1909 Ole Evinrude, haifaffen Norway da ke zaune a birnin Milwaukee na Amurka, ya fara sayar da ɗan injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ƙera jirage da roba mai haɗe da zaren gilashi a maimakon katako, farashi ya sauko, ɗawainiyar gyara ta ragu, malamin makaranta da ma'aikacin masana'anta suka iya mallakar nasu.

Neman natsuwa

Dalilin da masu wannan sha'awa suka fi ambata shi ne natsuwa. Da zarar an kwance igiya, jirgi ya rabu da gaɓa da 'yan taku kaɗan, mutum ya fita daga hannun masu nemansa, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, wayarsa ma a wurare da yawa ba ta samun sabis. Masu jirgin iska suna yawan ba da labarin wani ɗan lokaci da suka fi ƙauna a duk tafiyar. Ana fita daga tasha da inji, idan an kai sarari sai a ja ƙyalle sama, a juya jirgi har iska ta cika shi, sannan a kashe injin. Ƙarar da kunne ya saba da ita ta ɗauke gaba ɗaya, jirgin ya ɗan karkata gefe guda, ba a jin komai sai motsin ruwa a jikinsa da kukan igiya, kuma duk da haka tafiya ake yi. Mutane da yawa suna cewa saboda wannan 'yan daƙiƙu suke jure duk wani kashe kuɗi da wahalar da ke tattare da mallakar jirgi.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka. Rachel Kaplan da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan sun bayyana a shekarun 1980 cewa hankalin da mutum yake tilasta wa kansa tattarawa, kamar a ofis ko a cunkoson motoci, yana gajiya kamar yadda gaɓoɓi ke gajiya, kuma yana farfaɗowa ne a wurin da abubuwa ke jan ido a hankali ba tare da sun nemi komai daga mai kallo ba. Ruwa yana cikin irin waɗannan wurare, domin kullum motsi yake yi, amma motsin nasa ba ya tayar da hankali. Wani babban bincike mai suna BlueHealth, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2016 zuwa 2020 a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Exeter, ya nuna cewa ziyartar bakin ruwa tana tafiya tare da ƙarin kwanciyar hankali a tsakanin mutanen ƙasashe da dama.

Babu inda son jinkiri ya fito fili kamar a hanyoyin ruwa na haƙa da ke Ingila da Wales. An haƙa su ne a ƙarni na 18 da na 19 domin jigilar kwal da kayan masana'antu, jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace musu ciniki, da yawansu suka cike da ciyawa da shara, har sai da masu sa kai suka tashi tsaye daga 1946 suka yi ta fafutukar farfaɗo da su. A yau akwai kimanin mil 2,000 a ƙarƙashin kulawar hukuma ɗaya, kuma kusan duk jiragen da ke bin su na shaƙatawa ne ko na zama. Yawancinsu dogaye ne, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, doka kuma ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ba, wanda bai fi saurin mai tafiya a ƙasa ba sosai. Inda ƙasa ta yi tudu, akwai ɗakunan ruwa masu ƙofofin katako a gaba da baya. Sai wani ya sauka da mariƙin ƙarfe a hannu, ya murɗa ya buɗe wa ruwa hanya, ya tsaya yana kallon jirgin yana tashi sannu a hankali tsakanin bangaye biyu masu gansakuka, idan ruwa ya daidaita ya jingina bayansa da doguwar katakon ƙofa ya tura da ƙafafu har ta buɗe. A Caen Hill, kusa da garin Devizes, akwai irin waɗannan ɗakuna 29 a cikin tazarar mil 2, kuma wuce su yana cin awa 5 zuwa 6. Iyalai suna biyan kuɗi mai yawa su yi hayar jirgi na mako guda domin su yi wannan aiki da hannunsu, kuma tazarar da za su ci a makon, mota tana iya cinye ta cikin awa biyu.

Gwaninta da dogaro da kai

Dalili na biyu, wanda ya fi riƙe mutum shekara da shekaru, shi ne koyo. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, iyakar abin da yake yi shi ne ya bi ta a karkace da kimanin digiri 45, saboda haka wanda yake son zuwa inda iskar ke fitowa sai ya yi ta saƙa hanya, ya nufi dama, ya juyo hagu, har ya isa. Matuƙi yana karanta iska a kuncinsa da bayan wuyansa, da duhun da ke bi ta saman ruwa kafin iska mai ƙarfi ta iso, da 'yan zarurrukan da aka manna a jikin ƙyalle, waɗanda in sun miƙe sambal an daidaita, in sun fara rawa an kauce. Ga sanin cikar teku da janyewarta, ga ƙullin igiya iri-iri, ga karatun taswirar ruwa da jefa anga. Yaro ɗan shekara 8 yana iya fara tuƙa ɗan jirgin Optimist, wanda Clark Mills ya tsara a Florida a 1947 domin yara, kuma tsoho mai shekara 70 a ruwa zai ce har yanzu koyo yake yi.

Daɗin wannan ilimi yana cikin cewa ruwa ba ya karɓar uzuri, kuma ba ya duba muƙami. Sakamakon kowace shawara yana bayyana nan take, in an yi daidai jirgi ya miƙe, in an yi kuskure ya tsaya ko ya kife. Ga mutumin da aikinsa na yau da kullum takardu ne da taro, wanda ba ya ganin ƙarshen abin da ya fara, wannan abu ne mai sanyaya zuciya ƙwarai. Karin maganar nan ta iya ruwa fid da kai ta dace da masu wannan sha'awa a zahirinta, domin idan inji ya mutu nesa da gaɓa, matuƙi shi ne makaniki, shi ne mai yanke shawara, kuma da yawansu suna jin daɗin gyaran jirgi a kan tudu lokacin sanyi, da kankare shi da shafa masa fenti, kusan kamar yadda suke jin daɗin tuƙa shi.

Labarin Bernard Moitessier, Bafaranshe, ya nuna iyakar inda wannan sha'awa take kaiwa. A 1968 ya shiga gasar farko ta zagaya duniya mutum shi kaɗai ba tare da tsayawa ba, wadda jaridar Sunday Times ta sa wa kyautar fam 5,000. Ya riga ya wuce mafi haɗarin hanyar, ana kuma ganin yana iya zama mafi sauri, sai a watan Maris na 1969, kusa da Cape Town, ya harba saƙo da danƙo cikin wani jirgi da ya gamu da shi, yana sanar da cewa ya fasa komawa Turai saboda yana cikin farin ciki a teku. Ya ci gaba da tafiya har tsibirin Tahiti da ke tekun Pasifik, inda ya sauka a watan Yuni bayan wata 10 a ruwa. Robin Knox-Johnston ne ya kammala gasar cikin kwana 312, amma har yau masu jirgin iska suna ambaton wanda ya bar kyautar da girmamawa irin wadda suke yi wa wanda ya ci ta.

Iyali, abokai da kifi

Ba kowa ne yake neman kaɗaici ba. Ƙaramin jirgi yana tara mutane a wuri ɗaya na sa'o'i, babu inda wani zai zame ya tafi, kowa kuma da aikinsa, wannan ya riƙe igiya, wancan ya duba gaba. Iyaye da yawa suna cewa a nan ne suke samun doguwar hira da 'ya'yansu matasa. A Finlan, mai tafkuna kusan 188,000 da gidajen hutun bazara kimanin rabin miliyan, ɗan kwale-kwalen da ke ɗaure a bakin tafki yana cikin kayan gida, kuma yaro yakan koyi tuƙi a hannun kakansa. A 2020, lokacin annobar korona, cinikin jiragen shaƙatawa a Amurka ya kai matsayin da bai kai ba cikin shekara 13, domin iyalai sun sami wurin fita tare ba tare da cuɗanya da jama'a ba.

Kamun kifi da fatsa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutane ruwa, kuma da yawa suna sakin kifin bayan sun kama shi, abin da ke nuna cewa jiran da dabarar suka je nema. Akwai kuma masu son gudu da masu son a gan su, musamman a manyan jiragen alfarma na Monaco da Miami, sai dai waɗannan 'yan kaɗan ne, ko da yake su ne suka fi fitowa a hotuna.

A Najeriya da Nijar, jirgin ruwa ya fi zama kayan aiki na masu fito da Sarkawa, amma ɓangaren nishaɗi bai ɓace ba. Akwai tseren kwale-kwale a bikin Rigata na Yawuri da bikin kamun kifi na Argungu, a Legas akwai ƙungiyar masu jirgin iska tun 1932, a tafkin Jabi da ke Abuja ana hayar jirgi a zaga, a Yamai kuma masu kwale-kwale suna fita da baƙi kan kogin Neja da yamma domin kallon dorina da faɗuwar rana.

Haɗari

Ɗan tsoron da ke tattare da ruwa yana cikin abin da ke jan wasu, domin yana sa hankali ya taru wuri ɗaya, damuwar gida da ta ofis su gushe. Amma haɗarin na gaske ne. Rahotannin shekara-shekara na rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka suna nuna abu ɗaya a kai a kai: kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa nutsewa suka yi, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba su sa rigar kariya mai hana nutsewa ba, kuma shan giya ne babban sanadin da aka fi ganowa a haɗurran da suka kai ga rasa rai. Yawancin waɗannan haɗurra suna faruwa ne da ƙananan jirage, sau da yawa a ruwa mai kwanciya da rana tsaka, lokacin da mutane suka fi sakin jiki suka ajiye rigar a ƙarƙashin wurin zama.