Dajin kai da wuya: ga amsoshin nan, don Allah a huta da maimaita min

Tun da mutanen gida suka ji bincikena kan dajin baki da maƙogwaro ne, ko ɗaurin aure na je Argungu sai an ja ni gefe, kuma tambayoyin ba su canzawa. To ga su.

Dajin kai, wato na ƙwaƙwalwa kenan?

A'a. Baki, harshe, dasashi, maƙogwaro, wurin da murya ke fitowa, da can bayan hanci. Kusan kashi 90 cikin 100 daga fatar nan mai laushi da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro yake farawa.

Dokta ɗan taɓa wuyana ka ji.

Ni ba likitan asibiti ba ne, a lab nake. Ko likitan ma ba ya gane daji da yatsa a bakin masallaci.

To mi kuke yi a lab ɗin?

Muna bin diddigin abin da ya lalace a cikin ƙwayar halitta har ta ƙi daina rabuwa. Akwai wani furotin da ake kira p53, an gano shi a 1979, shi ne mai gadin gidan. In DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayar, ta samu rauni sai ya tsayar da ƙwayar a gyara, in gyaran ya gagara ya sa ta kashe kanta tun ba ta haifi wasu masu lahani ba. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadaran da ke manne wa DNA suna ɓata rubutun da ake ƙera p53 da shi, giya kuma jiki na mayar da ita wani sinadari, asetaldehaid, shi ma ɓarnar da yake yi kenan, in mutum ya haɗa biyun abin ninkuwa yake yi. A 2015 masu bincike a Amurka sun karance DNA ɗin dajin mutum 279, kuma a yawancin waɗanda taba ta jawo, mai gadin nan a lalace aka same shi. Shisha ma taba ce samari, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya wanke komai. Tabar gari da tsofaffi ke cusawa a kumatu ita ma haka.

Amma kawunmu malami ne, bai taɓa riƙe sigari ba.

Na sani, kuma ku daina yi wa marasa lafiya bincike da ido. Akwai ƙwayoyin bairos biyu. HPV, musamman lamba 16, yana ƙera furotin E6 da ke sa a rushe p53 ɗungurungum, da E7 da ke hana wani furotin mai suna Rb tsayar da rabuwa, ka ga ba sai taba ta shigo ba. Irin wannan ya fi kama gindin harshe da tonsil, wato 'yan ƙwallayen naman nan biyu na gefen maƙogwaro, kuma ya fi jin magani. Bairos ɗin ne dai ke kawo dajin bakin mahaifa, shi ake wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi tun Oktoban 2023, kyauta, amma har yanzu wasu na ɓoye ɗiyansu. Na biyu EBV, an gano shi a 1964, ta yawu ake ɗaukarsa kuma sama da kashi 90 na manya na ɗauke da shi lafiya lau, ƙalilan ne yake zamar wa dajin bayan hanci.

Kenan ana ɗaukar dajin?

Bairos ɗin ake ɗauka, dajin kam ba a ɗauka. Ku ci abinci kwano ɗaya da mai dajin.

Goro fa?

Wanda aka tabbatar yana kawo dajin baki wani ɗan itace ne da ake taunawa a Indiya da maƙwabtanta, ba goron da muke ci ba.

Baba na da kullutu a wuya, likita ya ce a ɗebi nama a auna, gida kuma sun ce daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa bazuwa zai yi. Mu yarda?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Da farko ba kowane kullutu ne daji ba, yana iya zama kaluluwa saboda ruɓaɓɓen haƙori, ko tibi da ta kama wuya, ko maƙoƙo, kuma magungunansu ba su haɗa hanya ba, shi ya sa ake awon. Abin da ke sa a damu shi ne kullutu mai tauri, marar zafi, da ya wuce sati 3 yana ƙaruwa, balle a dattijo, balle in akwai dushewar murya, gyambon baki da ya ƙi warkewa, wahalar haɗiya, ko hanci da kunne na gefe guda sun toshe ana yawan haɓo. To maganar ƙarfe, akwai ɗan abin dubawa a ciki amma ba yadda ake faɗa ba. Siririyar allura da ake zuƙo ƙwayoyi da ita, haɗarin ta yaɗa daji ƙanƙane ne ƙwarai, kar ku ji tsoronta. Wanda ake gudu shi ne a tsaga wuya a ɗebe kullutun tun ba a leƙa hanci da maƙogwaro an ga inda abin ya samo asali ba, don sau da yawa na wuyan reshe ne, uwar tana ciki, kuma yankan gaggawa na iya wahalar da aikin da za a yi daga baya. Wani lokaci kuma allurar ba ta ba da amsa, dole sai an yanka ɗin, wannan hukuncin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne. Saboda haka ku tambaya: an leƙa ciki? da allura za a fara? in ba haka ba, don mi? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. In babu mai wannan fannin kusa da ku ku nemi takardar turawa zuwa babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko na Gusau, in abin ya kai ga gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, yawanci asibitin koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato ake turawa, ku fara shirin kuɗi da masauki tun da wuri don gashin kan ɗauki sati 6 zuwa 7. Abin da ya sa ake ganin kamar ƙarfe ne ya tayar da shi, sai an shekara ana shafe-shafe da tsagar wanzami sannan a zo asibiti, lokacin ya riga ya bazu, sai a ɗora wa allura laifi. Addu'a kam ku yi ta yi, kuna yi kuna hanya.

An yi wa yayana aiki an ce an cire duka, ga shi ya dawo. Cutarmu aka yi?

Ba lallai ba. Tun 1953 wani likita a Amurka, Slaughter, ya nuna fatar da ke kewaye da dajin, wadda ido ke gani lafiya, ita ma ta fara lalacewa, ai hayaƙi bai zaɓi wuri ɗaya ba. Shi ya sa ake cewa a riƙa komawa ana dubawa, kuma a bar tabar har abada, ba a rage ba.

Duk binciken nan ya haifar da magani kuwa?

Ya haifar. Yawancin dajin nan na tara wani furotin, EGFR, da ke ingiza ƙwayar ta yi ta rabuwa, a 2006 aka amince da cetuximab mai toshe shi, a 2016 kuma nivolumab da pembrolizumab masu buɗe wa garkuwar jiki ido. Ba kowa suke yi wa aiki ba kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Wanda ya zo da ɗan gyambon harshe tun yana ƙarami, sau da yawa tiyata kaɗai ta ishe shi.