Waiwaye: Yadda Niyasin Ya Hau Ya Sauka a Fagen Maganin Maiƙon Jini

Fiye da shekara 50 likitocin zuciya suka yi suna rubuta niyasin, wato bitamin B3, ga masu yawan kolestarol, maiƙon nan da ke taruwa a jini har ya toshe jijiyoyi. Yau da wuya ƙwararren likita ya fara da shi. Duk da haka ana samunsa a kantunan magani da intanet ba da takardar likita ba, kuma mai saye yakan ɗauka ai bitamin ne kawai. Abin da jikin namiji baligi ke bukata a rana miligiram 16 ne, mace 14, kuma gyaɗa da kifi da nama sun isa su biya wannan. Adadin da ke sauke kolestarol kuwa daga miligiram 1,000 ne zuwa 3,000. Wanda ya kai nan magani yake sha mai ƙarfi, wanda ke iya taɓa hanta ya kuma tayar da sugan jini.

Tun farko ba don zuciya aka san shi ba. A farkon ƙarni na 20 cutar felagara ta addabi talakawan jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka dogara da masara: fata ta yi baƙi ta tsattsage, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Daga 1914 Joseph Goldberger ya nuna cewa daga abinci matsalar take, ba ɗaukarta ake yi ba. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya gano cewa wannan sinadarin ne ya yi ƙaranci.

Batun kolestarol a Kanada ya taso. Abram Hoffer, likitan taɓin hankali a lardin Saskatchewan, yana ba majinyatansa niyasin mai yawa. Shi da Rudolf Altschul da J. D. Stephen suka auna jinin masu shan sa, kuma a 1955 suka wallafa cewa kolestarol yana sauka. William Parsons na asibitin Mayo ya tabbatar da haka ba da jimawa ba. A takardar gwajin jini aikinsa abin burgewa ne har gobe: yana rage LDL, maiƙo mai cutarwa, da kashi 5 zuwa 25 cikin 100, ya rage kitsen da ake kira tiragilisarayid da kashi 20 zuwa 50, ya ɗaga HDL, wanda ake wa kallon maiƙo mai amfani, da kashi 15 zuwa 35. A zamaninsa babu maganin da ya kai shi ɗaga HDL.

Babban gwaji na farko an yi shi a Amurka daga 1966 zuwa 1975, da maza 8,341 waɗanda duk sun taɓa samun bugun zuciya. Mutum 1,119 daga cikinsu aka ba niyasin giram 3 a rana. Sake samun bugun zuciyar da bai kai ga mutuwa ba ya ragu da kashi 27 cikin 100, sai dai yawan mace-mace bai sauya ba a lokacin gwajin. Da aka sake bibiyarsu kimanin shekara 15 bayan fara gwajin, aka ga mace-mace sun yi ƙasa da kashi 11 cikin 100 a rukunin niyasin. A kan wannan sakamako, wanda aka buga a 1986, martabar maganin ta tsaya. Abin da ake yawan mantawa shi ne mutanen nan ba su da wani magani mai ƙarfi a gefe, domin sai a 1987 aka amince da lovastatin, na farko a dangin statin, wato magungunan rage kolestarol masu ƙarfi.

Tun daga farko majinyata sun ƙi jinin niyasin saboda abu guda. Minti 15 zuwa 30 bayan an haɗiye nau'in da ke narkewa nan take, sai fuska da wuya da ƙirji su ɗau zafi da ƙaiƙayi, kamar an shafa barkono, wani lokaci har da jiri. Dalili shi ne maganin yana sa ƙwayoyin fata su saki sinadarin furostagilandin D2, wanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini. Ba shi da haɗari a mafi yawan lokuta, yakan lafa cikin kamar awa ɗaya, kuma jiki na sabawa bayan 'yan makonni, amma da yawa sukan daina sha kafin a kai nan.

Neman kauce wa wannan zafi ne ya haifar da ɓarna mafi girma. Kamfanoni suka fito da nau'in da ke narkewa a hankali na tsawon sa'o'i. Zafin fata ya ragu, hanta ta shiga uku. Hanta tana da hanya biyu ta sarrafa niyasin. Idan ya shigo da yawa lokaci guda, hanya ta farko takan cika, saura ya bi ta biyu, wadda ake alaƙantawa da zafin fata. Idan kuwa yana ɗigowa kaɗan-kaɗan, kusan duka ta farkon yake bi, kuma abubuwan da ke fitowa daga cikinta su ake zargi da lahanta hanta. A wani gwaji da mujallar JAMA ta buga a 1994, mutum 12 cikin 23 masu shan mai narkewa a hankali sun sami alamun illar hanta, alhali ko mutum ɗaya bai samu ba a cikin masu shan mai narkewa nan take. A 1997 aka amince da Niaspan, wanda saurin narkewarsa ke tsakanin biyun. Sai kuma wanda ake rubuta wa cewa ba ya sa zafin fata, na inositol, da ɗan'uwansa nikotinamayid. Gaskiya ba sa sa zafin, amma kuma ba sa sauke kolestarol, don haka kuɗin da aka ba su asara ce.

Tambayar da ta rage ita ce ko ƙara niyasin a kan statin zai ƙara kare zuciya. Gwaji biyu suka amsa. AIM-HIGH ya ɗauki mutum 3,414 a Amurka da Kanada, aka dakatar da shi a 2011 bayan kimanin shekara 3: HDL ya tashi daga 35 zuwa 42, amma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba. HPS2-THRIVE, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta, ya haɗa mutum 25,673 a Birtaniya da ƙasashen Sikandinebiya da Sin, ana ba su giram 2 haɗe da laropiprant mai rage zafin fata. Kashi 13.2 cikin 100 na masu shan maganin ne suka gamu da babbar matsalar zuciya ko jijiya, a gefen waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani cikinta kuma kashi 13.7, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Illa kuwa ta fito fili: suga ya rikice wa masu ciwon suga, wasu sun kamu da shi sabo, an ga ƙarin zubar jini da kamuwa da cututtuka, da ciwon tsoka musamman a tsakanin 'yan Sin. A Janairun 2013 kamfanin Merck ya janye maganin nasa da aka gwada, Tredaptive, kuma a 2016 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta soke amincewarta da haɗa niyasin da statin. A 2024 masu bincike a Cleveland Clinic suka ƙara da cewa ragowar niyasin da jiki ke sarrafawa zuwa wani sinadari mai suna 4PY na da alaƙa da kumburin jijiyoyin jini.

A ganinmu wurin da ya rage masa ƙarami ne: mai tiragilisarayid da ya haura 500 a gwajin jini wanda wasu magunguna suka gaza masa, ko wanda jikinsa ya ƙi statin kuma ezetimibe, wani maganin rage kolestarol, bai wadatar ba. Ko a nan ma likita ne zai yanke.

Idan an yanke za a sha, sai an fara auna hanta da sugan jini da sinadarin yurik. Wannan ya fi muhimmanci a ƙasashenmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. Mai ciwon hanta, da mai gyambon ciki da ke tashe, da mai zubar jini daga jijiya ba sa shan sa. Mai ciwon suga, da mai ciwon gaɓoɓin da yurik ke jawowa, da mai juna biyu, da mai shan giya, sai da tsananin sa ido ko a bar shi gaba ɗaya.

Niaspan da ire-irensa da miligiram 500 ake farawa, da dare kafin kwanciya, bayan ɗan abinci marar maiƙo, har mako 4. Daga nan a koma 1,000 na wani mako 4. Ba a ƙara fiye da 500 cikin mako 4, kuma ba a wuce 2,000 a rana. Ƙwayar haɗiye ta ake yi ɗungurungum, domin tauna ta ko fasa ta na sakin maganin lokaci guda. A guji shayi mai zafi da yaji kusa da lokacin sha, suna tsananta zafin fata. Asfirin, har miligiram 325 minti 30 kafin sha, yana rage zafin, amma da izinin likita, tunda shi ma yana iya sa zubar jini. Wanda ya yi kwanaki bai sha ba kada ya koma kan adadin da ya bari, daga ƙasa zai sake farawa. Kuma kada a musanya wani nau'i da wani miligiram da miligiram: da yawa daga mummunar lalacewar hanta da aka rubuta ta faru ne ga waɗanda suka koma mai narkewa a hankali a kan adadin da suke sha na mai narkewa nan take.

Ana maimaita gwajin hanta duk mako 6 zuwa 12 a shekarar farko, daga baya duk wata 6, kuma idan alƙaluman suka ninka iyakarsu sau 3 a dakatar. Idon da ya yi ruwan ɗorawa, fitsari mai duhu, tashin zuciya da rashin cin abinci da suka ƙi tafiya, ciwon tsoka marar dalili, baƙin bayan gida, gani dishi-dishi ko bugun zuciya da ya rikice, kowane ɗaya ya isa a ajiye maganin a ga likita a ranar.