Kod din U0133 ya fito a motata, sai na sayi sabon burenbos ne?

Wani Alhaji ya zo garejinmu a Apo, Abuja, da Range Rover Sport, an jona masa sikana, na'urar da ke karanto matsalar mota, a wani wuri ta nuna U0133, nan take aka ce ya kawo kudin burenbos, wato kwamfutar mota. Ga tambayoyin da ya yi min da amsar da na ba shi, don nasan ba shi kadai bane.

Malam wai me kod din yake nufi?

Alhaji duk kod din da ya fara da harafin U maganar sadarwa ce tsakanin kwamfutocin mota. U0133 yana cewa sauran kwamfutocin sun daina jin duriyar wadda ke hana mota kwantawa gefe daya in an sha kwana. Motoci irin naka da wasu BMW suna da karfen sitabilaiza da kwamfuta ke kara masa karfi a kwana, yawanci da matsin mai. Toh kod din cewa yayi ba a jin muryarta, bai ce ta mutu ba, wannan bambancin shine kudinka.

To me ke katse maganar?

Batir na fara dubawa wallahi, kullum. Lafiyayyen batir in mota na kashe yana nuna wajen volt 12.6 a mita, in inji na aiki altaneta ta kai shi 13.5 zuwa 14.5, in wuta ta fadi sosai lokacin tayarwa sai kwamfutoci su rika daukewa suna zubo kod barkatai alhali babu abinda ya lalace. Daga nan fis, sai wayar nan da ake daurewa a jikin bodi, sai soket din kwamfutar kanta. A motar Alhaji da na zare soket din sai ga koren tsatsa ya cinye fil biyu, kafet din wurin ma da danshi, ruwan damina ne ya samu hanya yana kwanciya a kai. Wata motar kuma bera ne, musamman wadda aka ajiye wata da watanni.

Yaya kuke gane waya ce ba kwamfuta ba?

Kwamfutocin suna hira ne ta wayoyi biyu da aka murde tare, ana ce musu CAN. A cire kan batir, a sa mita tsakanin fil na 6 da na 14 a soket din sikana mai rami 16 da ke kasan sitiyari, ya kamata a ga om 60. In aka ga 120 layin ya yanke a wani wuri, in kuma ya kusa sifiri wayoyin sun hade. Amma fa a wasu manyan motocin akwai wata kwamfuta da ke tsakani, dole a je a auna a bakin soket din ita mai matsalar, shi yasa nake son rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, ya rike zanen wayoyin motar ba wai ya dinga yanke-yanke da ka ba. Sai an tabbatar wuta na shiga, layi lafiya, amma har yanzu kwamfutar tayi shiru, sannan ake zargin ta. Ko an kawo ta Beljiyam ma sau da yawa sai an yi mata furogiramin ta san motar.

In goge kod din in ci gaba da hawa?

Kafin a goge a dauki hoton duka kod din a waya tukuna, goge shi a gani ko zai dawo. In ya dawo matsalar na nan daram.

Gobe zan tafi Jos da iyali fa.

Nan ne ban yarda ba ranka ya dade. Cikin gari a hankali za ta kai ka, amma mota mai tsayi dauke da mutane da kaya tana bin Hawan Kibo ba tare da abin da ke rike ta a kwana ba, ban so. Ya bar ta ta kwana, muka wanke soket din muka canza fil biyun muka toshe inda ruwan ke bi, da safe muka zaga da ita har Gudu muka dawo, kod bai sake fitowa ba.