"An gyara" daban, "an rufe" daban: ƙa'idar da ta bai wa mai ƙorafi bakin magana

A ofishinmu da ke Apapa, inda muke aikin fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, akwai wata Hajiya mai kula da lissafi. Wata Litinin firintarta ta ƙi fitar da rasit, ta shigar da ƙorafi a manhajar sashen kwamfuta, aka ba ta lambar tikiti. Wani matashi cikinmu ya shiga kwamfutarta daga teburinsa, ya taɓa abin da zai taɓa, ya rufe tikitin. Da azahar sai ga ta a bakin ƙofa riƙe da takardun direbobi uku da ke jira cikin rana.

"Ɗana, a wajenka ne aka gyara. A wajena har yanzu shiru take."

Dole ta shigar da sabon ƙorafi, ta karɓi sabuwar lamba, ta koma ƙarshen layi. Abin ya tsaya mini a rai, kuma irinsa ne ƙa'idar bambanta "an gyara" da "an rufe" ta zo ta magance.

Ƙa'idar ta raba ƙarshen aiki gida biyu. Ma'aikacin kwamfuta yana da hurumin cewa "an gyara", amma wannan da'awa ce kawai. Daga nan saƙo zai je wa mai ƙorafi ta imel ko manhaja, ya gwada da hannunsa. In ya ga daidai, ya tabbatar, tikiti ya rufu. In da sauran rina a kaba, ya sake buɗe shi da lambarsa ta asali, duk bayanan baya na nan, ba sai ya faro labari daga tushe ba. Tsarin ITIL, wato jagoran tafiyar da aikin sashen kwamfuta, wanda gwamnatin Birtaniya ta assasa a ƙarshen shekarun 1980, ya daɗe yana koyar da cewa a tuntuɓi mai ƙorafi kafin a rufe.

Sai dai ƙofar ba ta zama a buɗe har abada. Ana ba da wa'adi, in ya cika ba ka ce uffan ba, manhaja za ta ɗauki shirunka a matsayin yarda. A Zendesk, wata manhajar karɓar ƙorafi, misali, tsarin da take zuwa da shi yana rufe tikiti kwana 4 bayan an ce an gyara, kuma ko kamfani ya tsawaita, ba zai wuce kwana 28 ba. Wanda ya rufu ya rufu ke nan, in ka sake magana sabon tikiti za a buɗe, a ɗaure shi da tsohon.

A nan nake da magana da shugabannin ofisoshi. A ƙirga wa'adin da ranakun aiki. Wanda aka ce masa an gyara da yammacin Juma'a, yana sauri ya kama motar Agege kafin cunkoso ya rufe hanyar Oshodi, yaushe zai gwada? Balle lokacin Sallah, da rabinmu ke tafiya Kano ko Sakkwato, mutum ya dawo ya tarar an rufe masa komai.

Me ya sa ma'aikaci ke gaggawar rufewa? Ba mugunta ba ce. Yawanci da yawan tikitin da ya rufe ake auna ƙwazonsa, kuma akwai yarjejeniyar lokacin da za a gama kowane gyara, tana bin sa kamar agogo. In rufewa na hannunsa shi kaɗai, rahoton wata zai yi kyau, alhali mutane na kuka. Amma idan ana ƙirga tikitin da aka sake buɗewa, gyaran shafa-shafa zai fito fili, a gane firintar da ke buƙatar canji, da ma'aikacin da ke buƙatar horo.

Mai ƙorafi ma da nasa nauyin. Matsalar farko kaɗai ake sake buɗe wa tikiti. In firinta ta gyaru, sai kalmar sirrinka ta ɓace, wannan sabon ƙorafi ne. Kuma in za ka buɗe, faɗi abin da ka gani: ƙarfe nawa, wane rubutu ya fito a allo. "Bai yi ba" kaɗai ba ya kai kowa ko'ina.

Ko a waje da ofis ma, lambar tikiti ita ce shaidarka. Kamfanin waya in ya ce ya gyara alhali bai gyara ba, ana kiran hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa kyauta ta lambar 622, kuma za su nemi lambar da kamfanin ya ba ka. Banki in ya riƙe ƙorafinka mako biyu ba mafita, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa. Shi ya sa nake ce wa 'yan'uwanmu masu POS a Mile 12 su riƙa rubuta lambar a littafin ciniki, kusa da kwanan wata.