Tsutsotsin Teku Masu Ado: Yaya Ake Rarraba Su da Raɗa Musu Suna?

Tambaya: Wace irin halitta ce wannan?

Amsa: Tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ganye, wadda take rarrafe a kan murjani a tekuna masu ɗumi, jikinta da launuka kamar an yi mata rini. Masana suna kiran rukuninta Polycladida, wato mai rassa da yawa, domin hanjinta ya yi rassa ya bazu a duk jikinta. Dangi ɗaya suke da tsila da tsutsar da ke haddasa tsargiya, amma ita ba ta zama a jikin mutum.

Tambaya: Wane ne ya fara tsara rabe-rabensu?

Amsa: A shekarar 1884 wani masanin dabbobi mai suna Arnold Lang, wanda ya yi nazarinsu a gaɓar Naples ta Italiya, ya kasa su gida biyu: Cotylea masu abin mannewa a ƙarƙashin jiki, da Acotylea marasa shi. Yawancin masu adon suna gidan farko.

Tambaya: Ashe launi bai isa a gane kowacce ba?

Amsa: Nan ne wahalar take. Da zarar an tsoma tsutsar a ruwan adanawa sai launinta ya dushe, wani lokaci ma jikin ya narke kafin a kai ga duba shi, don haka masanan farko suka dogara ga gaɓoɓin haihuwa, suna yanka jikin sala-sala suna dubawa a madubin likita. Misali, jinsin tsutsar da ake kira Pseudoceros yana da gaɓar namiji ɗaya, Pseudobiceros kuwa, wanda wani masani mai suna Faubel ya ware a 1984, biyu gare shi, alhali a ido sun yi kama ƙwarai. Daga baya wasu masana biyu, Leslie Newman da Lester Cannon, a Ostareliya suka riƙa ɗaukar hoton tsutsa tana raye kafin adana ta, kuma a ganina wannan ne ya mayar wa launi da martabarsa a matsayin shaida.

Tambaya: Me ya sa ake rikita su da dodon koɗin teku marar ɓawo?

Amsa: Wasunsu kwaikwayo suke yi. Pseudoceros imitatus tana ɗaukar kamannin wani dodon koɗi mai guba, kifi ya gan ta ya kauce. Mai lura zai ga cewa abin da ya yi kama da ƙahonni a kan tsutsar naɗewar gefen jiki ce kawai, kuma daga nan sunan Pseudoceros ya samo asali, wato ƙahon ƙarya.