Ɗibar jini don binciken cuta: abin da dokar lafiya ta ce da abin da ake ƙaƙaba mata

Makon jiya bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisa nan Ƙofar Marusa, maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, don Allah saurari wannan." Saƙon murya ne na wani da bai faɗi sunansa ba. Wai gwamnati ta yi dokar da ta ba likitoci damar ɗibar jinin mutum, har da cire masa ƙoda, ba tare da izininsa ba, kuma wai jinin yaran da ake bi gida-gida ana ɗiba Turawa ake kai wa. Hankalinsa a tashe yake, domin ɗansa na kwance da zazzaɓi da ƙuraje, ma'aikaciyar lafiya ta zo da rana ta nemi ɗan jini don a gwada ko ƙyanda ce, uwar yaron ta goya shi ta shige ɗaka.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ta shafi likitoci, ma'aikatan jinya, masu gwaje-gwaje, malaman jami'a da ɗalibansu, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Jinin kaji da na shanu, irin wanda ake kai wa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom idan murar tsuntsaye ta ɓulla, dokarsa daban.

Sashe na 32 bai yi kwana-kwana ba. Ba a yin bincike ko gwaji a jikin mutum mai rai sai da rubutacciyar amincewarsa, bayan an faɗa masa manufar binciken da duk illar da zai iya yi wa lafiyarsa. Idan yaro ne, uba ko uwa ko waliyyi ke sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba yana dangwala yatsa a gaban shaida, amma dangwalawar ba ta da daraja idan ba a yi masa bayani da harshen da yake ji ba. Kafin ma mai bincike ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba aikin ya amince. Kana da ikon cewa a'a, kuma cewa a'a ba ya hana a ba ka magani.

To ina mai saƙon ya samo tasa? Daga sashe na 48. Sashen ya hana ɗibar jini ko wani yanki na jikin mutum sai da saninsa da yardarsa, sannan ya ce ana iya ɗauke wannan sharaɗi a halin gaggawa, domin gwajin gano cuta da kuma magani. Nan mutane suka tsorata. Amma a lura da kalmomin: gaggawa, gano cuta, magani. An kawo mutum daga haɗarin mota a hanyar Jibiya, a sume, jini na zuba, ba ɗan'uwa kusa. Likita zai tsaya jiran ya farfaɗo kafin ya duba rukunin jininsa? Wannan shi ne abin da aka sassauta. Ba a ba kowa damar ɗibar jinin mai lafiya don nazarin ƙwayar bairas ba, ba a ba kowa damar sayar da sassan jiki ba, dokar ma ta haramta cinikinsu a wani sashe. Sai dai in faɗi gaskiya, da masu rubuta dokar sun fayyace wanda zai yanke cewa lamari ya kai gaggawa, da sun toshe ƙofar da jita-jita ke shigowa.

Hukuncin kuwa ya kasu biyu. Wanda ya cire wani yanki na jiki ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira miliyan 1 ce ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka. Wanda ya ɗebi jini ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka. A 2014 wannan tara na da ɗan nauyi. Yau tarar ɗibar jinin ba ta kai kuɗin ragon layya mai kyau ba, kuma babu babban kamfanin da za ta tsorata. Wannan ya dame ni, domin tsoron mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda ya tuna wannan, ba za ka kira shi jahili don ya yi tambaya ba.

Amma ƙin gwaji ma yana da tasa tsadar. Ƙyanda ba a tabbatar da ita da ido, sai an auna jini. Shan inna kuwa, kashin yaron da ƙafarsa ta saki ake ɗauka sau biyu a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri, kuma da irin wannan bibiya aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Idan unguwa ta rufe ƙofa, cutar ta ci gaba da yawo ba wanda ya san inda ta kwana.

Na ce wa maƙwabcina, "Alhaji, idan ma'aikaciyar lafiyar nan ta dawo ka nemi katin aikinta, ka tambaye ta gwajin gano ciwon yaro ne ko bincike, ina za a kai jinin, yaushe za ka ji sakamako. In bincike ne, ta kawo takarda a karanta maka da Hausa." Washegari ta dawo, ta zauna a zaure ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ta nuna masa 'yar kwalbar da lambar da za ta manna. Uwar ta riƙe yaron da kanta aka ɗebi jinin. Yaron ya fara cin tuwo. Sakamakon ne har yau bai iso ba, kuma jiya ma sai da Alhaji ya sake tambayata.